Dutsen da Ya Huce

Shekara talatin da ɗaya ina zubin tukwane a Panteka,
ban taɓa hawa abin da ya fi tsanin rumfata ba.
Sai ga Zuwaira ta dawo hutu daga Zariya
da 'yar guduma a cikin jaka,
wai, Baba tashi, zan kai ka ka ga uwar maƙera.

A Kafanchan muka kwana.
Gari ya waye mana a gindin Kagoro,
gajimare ya sauko ya kwanta masa a kafaɗa,
raɓa ta jiƙa mini ƙafar wando.
Didam ne jagora, ɗan gari, siriri kamar tsinke.
Ya dubi takalmina na zuwa Juma'a, bai ce komai ba,
shirun nan ya fi dariya ciwo.

Muka ratsa gonakin citta, hanya ta miƙe tsaye.
Wata tsohuwa ta cim mana da buhun acca,
ta ce sannu, ta wuce,
ta ɓace can sama kamar da igiya ake jan ta.
Gwiwata ta fara ƙara irin ta tsohuwar ƙofa,
ƙirjina ya koma zugazugi.
Na zauna sau uku.
Na huɗun ban ƙirga ba, na ce birai nake kallo.

A kan wani falalen dutse yarinyar ta durƙusa,
ta ɗaga guduma, ƙwas,
ta miƙo mini ɓalli mai ƙyalli kamar an barbaɗa gishiri.
Ta ce, wannan da ruwa ne, Baba,
ja wur, ya fi sanholonka tafasa.
Tun ba a yi mai ba da labari ba
ƙasa ta yi aman wuta a nan.
Bakin ya zaizaye, damina ta cinye shi kaɗan-kaɗan,
saiwar ce muke takawa.

Na juya shi a tafin hannu.
Ai na san wannan, ko ban shiga aji ba:
zubin da aka bari ya huce don kansa shi ke daɗewa,
wanda aka watsa wa ruwa, tsagewa yake.

Sai gidana ya faɗo mini a rai,
yadda rediyo ke mutuwa in an ji takuna a zaure,
yadda hira ke tsinkewa a tsakiyar kalma.
Ranar da ta ce duwatsu za ta karanta
na yi aman da ya ƙone wata shida na gaisuwa tsakaninmu.
Ba ta tuna mini ba.
Lemo ta ɓare, ta ba ni rabin da ya fi girma.

Na ce, zai sake tashi?
Ta ce, wannan kam ya gama.
Akwai dai waɗanda barci kawai suke, can wasu ƙasashe,
a noma gefensu, a yi biki, a haifi 'ya'ya,
amma kunne na ƙasa.
Ta faɗa tana kallon gemuna.
Didam ya juya baya yana gyara igiyar gora.

A ƙoli iska ta kwashe zufar duka.
Layin dogo ya zama zare,
rufin kwano kamar marfin kwalba da yara suka zubar.
Na yi azahar a kan dutsen tsirara,
goshina ya ji ɗumi.
Ta ce rana ce kawai.
Na ce na sani.

Mun sauko da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.
Ɓallin yana nan a rumfa, yana danne mini rasit.
Jiya wani yaro ya kifar da kaskon narki,
aikin yini ya bi ƙasa, kowa ya tsaya cak.
Na ɗauki dutsen, na ji sanyinsa,
na ce a kawo yashi.